Batir Ma Yana Son Canjin Iska

Ranar da ƙanena ya sanar da cewa ya gano sirrin da makanikai suka daɗe suna ɓoye wa duniya, a ƙofar shagona ya tsaya ya faɗa, hannunsa ɗaya riƙe da sifana, ɗayan riƙe da wani baƙin bel da ya zaro daga injin mota. Shagon nawa na sabulu da ashana ne, yana kallon gidansa ƙiri-ƙiri, saboda haka duk abin da zan gaya muku da idona na gan shi.

Sana'arsa sayar da labule. Sunan Injiniya kuwa ya same shi ne tun ranar da ya ɗirka wa wata fanka duka don ta ƙi juyawa, aka yi dace ta juya. Tun daga nan babu wani abu mai waya a jiki da ya sake samun kwanciyar hankali a gidansa. Ni na goya shi, na san halinsa. Mutum ne mai kirki, sai dai ko mutuwa zai yi ba zai ce bai sani ba.

Motar ma ba tasa ba ce. Ta matarsa ce, nas a asibiti, wadda duk layinmu ke kira Sista. Da guminta ta saya, kuma tana da lasisin tuƙi. Amma tun ranar da motar ta shigo gida Injiniya ya karɓi mabuɗin, ya ce titi ba wurin mata ba ne, shi zai riƙa kai ta yana ɗauko ta. A majalisa kuwa "motata" yake cewa, har ya manta ƙarya yake yi. Sista tana ji tana yin shiru don rufa wa mijinta asiri. Mabuɗin nan shi ne duk wani girman da ƙanena yake ji da shi a layi.

To, motar ce ta fara wani kuka da safe, ƙiiii, kamar an taka wutsiyar ɗan kwikwiyo. Sista ta ce a kai ta wurin mai gyaran wutar mota. Injiniya ya ce wannan cin fuska ne, a ce akwai shi a gida a kai mota waje. Ya buɗe bonet, ya kasa kunne, ya gano bel ɗin da ke kukan, ya kwance shi ya fito da shi.

"Yaya, kin ji wani kuka yanzu?" ya tambaye ni.

"Ban ji ba."

"To shi ke nan. Abin da ke kuka na cire. Da makanike ne da ya riƙe ta kwana da kwanaki yana girgiza kai."

Na ce, "Shi wanda ya ƙera motar haka kawai ya sa bel ɗin, don ado?"

Ya ce, "Yaya, ki tsaya a kan sabulunki."

A lokacin ban san aikin bel ɗin ba, shi ma bai sani ba, bambancinmu kawai ni na san ban sani ba. Ashe shi ne ke juya altaneta, ita kuwa altaneta ita ke mayar wa batir wutar da mota ta sha. In babu bel babu caji. Batir ya zama randar da ake ɗiba ba a zubawa.

Motar ta yi iya ƙoƙarinta wajen kai ƙara. Wata jar fitila mai siffar batir ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa. Injiniya ya tsallako shagona ya sayi baƙin salatef, ya yanko ya liƙe ta. Da Sista ta shiga ta gani ta ce, "Baban yara, me ka rufe a nan?"

"Fitilar tsoro ce," in ji shi. "Masu ƙera mota sun haɗa baki da makanikai. Sun sa ta ne don hankalin mutum ya tashi ya ruga gareji. Ni ba a yi mini haka."

Washegari ya murɗa mabuɗi, mota ta ce ƙyas, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ta ce ƙyas. Sista tana tsaye da fararen kayanta tana duba agogo. Nan ya tsallaka gidan Ticha.

Ticha maƙwabcinsa ne na dama, malamin makaranta, mutum mai kunya da ba ya iya cewa a'a. Injiniya ya ce ya ara masa batir na yini ɗaya, shi kuma ya riƙe nasa. Aka yi musanya. Motar Injiniya ta tashi da ƙarfinta ta yi gaba, Ticha kuma ya tara jama'a suka tura tasa har ta kama. Da yamma da aka zo mayar wa kowa nasa, sai ga mataccen batirin Injiniya, wanda ya yini a motar Ticha yana shan caji, ya farfaɗo garau. Murɗawa ɗaya yake tada mota.

Wani zai yi tunani a nan. Ƙanena kuwa sai ya hau kan bencin shagona.

"Jama'a, gani ya kori ji! Batirin nan da safe gawa ne. Da makanike aka kai wa, cewa zai yi a sayi sabo. Yanzu ku dube shi. Wane magani aka ba shi? Babu. Canjin iska kawai ya samu. Batir kamar ɗan Adam yake, in ya daɗe wuri ɗaya sai ya gundura, jikinsa ya mutu. Ku ba ni haɗin kai, wallahi babu wanda zai sake sayen batir a layin nan har abada."

Masu mota a layinmu, ban da shi, su uku ne. Ga Ticha, ga Mai Burodi da tsohuwar motar rabon kayansa, ga Mai Kemis da wata santaleliyar mota da yake gogewa da hankici. Shirin Injiniya shi ne kullum da yamma kowane batir ya matsa gida ɗaya: nasa ya koma wa Ticha, na Ticha ya koma wa Mai Burodi, na Mai Burodi ya koma wa Mai Kemis, na Mai Kemis ya zo masa. Ya raɗa wa abin suna juyi. Mai Burodi ya amince da gudu, domin batirinsa ya tsufa, yana hangen na mutane. Mai Kemis kuwa da ya ji ba za a sake saye ba, sai ya gyara gilashinsa ya ce a kimiyyance ma maganar tana da kan gado. Ticha bai ce komai ba, aka ɗauka ya yarda.

Aka fara juyi. Kullum da yamma sai ka ga magidanta huɗu suna ratsa layi, kowa rungume da batir a ciki kamar mai kai jariri awo, ruwan batir yana cinye musu gaban riga. Na Mai Burodi ƙato ne, ya ƙi zama a mazaunin kowace mota sai tasa. Injiniya ya kawo igiyar labule daga shagonsa, aka riƙa ɗaure shi da ita har da tuntu.

Motar Injiniya ta koma tashi tun kafin mabuɗi ya gama juyawa, domin kullum cikakken batir take samu. Ta yini tana zuƙe shi, da yamma a miƙa wa Ticha fanko. Kowace safiya sai mu ji ƙyas daga gidan Ticha, sai ga shi ya fito yana sosa ƙeya.

"Don Allah ku yi haƙuri, a ɗan taimaka mini da turi."

Har ni an taɓa sa ni na tura, da zanina da komai. Ticha ya rame. Ya koma sa kayan aikinsa a leda sai an gama turi ya canza. Matarsa ta ce rabon da ya je makaranta ba jiƙe da gumi ba har ta manta.

Da ya gaji, ya zo ya sami Injiniya cikin ladabi. "Injiniya, ba wai ina ja da iliminka ba ne, amma ni tunda aka fara canjin iskar nan iskata ce take ƙarewa."

Injiniya ya zagaya motar Ticha, ya ƙwanƙwasa mata gefe, ya sunkuya ya shinshina. Ya ɗago fuska a murtuke.

"Ticha, zan faɗa maka gaskiya ko da za ka ji haushi. Motarka mayya ce. Lafiya lau nake ba ka batir da yamma, kafin safiya ta tsotse shi. Mu da muke haƙuri da ita ba mu yi magana ba, sai kai?"

Bawan Allah har haƙuri ya bayar. Ya je ya sayo sabon batir dal, wai ko zai wanke kansa. Matarsa da ta fi shi wayo ta ɗiga masa jan farce a gefe. Sabon batir ya kwana ɗaya a gidansu, juyi ya tafi da shi, Ticha ya ci gaba da turi.

Ranar da matar Ticha ta fito da kanta ta tsaya a tsakiyar layi ta ce ko a canza tsari ko ta fasa batirin kowa da taɓarya, Injiniya ya ce dama yana da niyyar juya akalar, domin iskar da ke kaɗawa gefe ɗaya ba ta da amfani. Aka juya. Yanzu wanda ya fito daga motarsa Mai Kemis ake kai wa.

Da safe Ticha ya murɗa mabuɗi, mota ta tashi. Ya kashe, ya sake tadawa, ya kashe, ya sake, don kawai ya ji daɗin abin. Sai muka ji ƙyas daga gidan Mai Kemis.

"Ƙaramin abu ne," in ji Injiniya. "A tura."

Mai Kemis ya ce, "Motar nan fa mai canza giya da kanta ce, an ce ba ta tashi da turi."

"Wa ya ce?"

"Wanda ya sayar mini."

"Shi ɗan kasuwa ne ko injiniya? A tura!"

Layinmu yana da gangara. Aka tura motar Mai Kemis ta ɗauki gudu, injin shiru, sitiyari ya yi tauri, birki ya yi nauyi, Mai Kemis yana ciki yana salati, Injiniya yana binsa a guje yana ihu, "Saki kuloci! Saki kuloci!"

"Ba ta da kuloci!"

"To saki abin da take da shi!"

A kwatar ƙarshen layi ta tsaya, ƙafarta ɗaya a ciki. Rabin yini aka yi ana ciro ta. Mai Kemis ya tsaya yana goge laka da hankicinsa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Injiniya ya dafa shi ya ce kada ya damu, alama ce cutar motar Ticha ta fara yaɗuwa, gara da aka gano da wuri.

A wannan makon ne aka yi ruwan sama da yamma, Injiniya ya je ɗauko Sista daga aiki. Fitila a kunne, abin share gilashi a kunne, duk suna shan batir ɗaya da ba mai zuba masa. Sista ta ba ni labari cewa abin share gilashin ya riƙa tafiya kamar tsoho mai ciwon baya, fitilu suka zama kamar aci-balbal, hon ya koma kukan akuya mai mura. Da ƙyar suka gangaro layi, motar ta mutu daidai ƙofar shagona. Suka fito suka fake a rumfata.

Sista mace ce mai haƙuri, ban taɓa jin ta ɗaga wa ƙanena murya ba. Ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Baban yara, ga Yaya shaida ce. Jibi ina da jarrabawar ƙarin girma. In an rufe ƙofa ba a buɗe wa kowa, sai wata shekara. Ka kai motar nan a duba ta gobe."

"Ni za ki koya wa mota?"

"Ban isa ba. Amma in ta ba ni kunya ranar nan, zan karɓi mabuɗina. A inda muke zan karɓa, a gaban ko su wa ke wurin."

Ya yi dariya, ya ce in motar ta yi ko tari ranar, shi da kansa zai miƙa mata da hannu biyu. Da ta shiga gida na ce, "Kai, ka bi a hankali. Shiru-shiru ba tsoro ba ne."

Ya ce, "Yaya, ke da ita duk mata ne. Injin ba ya jin maganar mata."

Bai kai ta gareji ba. Abin da ya yi shi ne ya sake tsarin juyi a jajibirin jarrabawar, yadda sabon batirin Ticha zai kwana a motarsa, fankon kuma ya faɗa wa Mai Burodi. Ya zo yana gaya mini yana murmushi, wai shi ne ake kira dabara.

Abin da bai lissafa ba shi ne Mai Burodi ba Ticha ba ne. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, wanda fushinsa ke riga tunaninsa isowa. Da sassafe ya loda burodi har rufi, ya murɗa mabuɗi, ƙyas. Masu shaguna suna ta kiransa a waya, burodi yana hucewa. Bai nemi taimakon kowa ba. Shi kaɗai ya sa kafaɗa ya turo motar ya gicciya ta a ƙofar gidan Injiniya, ya zauna a kan bonet ya harɗe hannu.

Sista ta fito da jakarta da takardunta. Injiniya ya fito yana kaɗa mabuɗi, ya yi turus.

"Malam, lafiya? Matsar da akwalarka, muna sauri."

"Ba inda za ta. Yau sai an ba ni batirina, kuma sai an nuna mini motar da ke kashe mana batir. In tawa ce, na ƙone ta da hannuna. In ta wani ce, ni da shi ne."

Kafin ka ce kwabo layi ya cika. Ticha ya fito, Mai Kemis ya fito, mata suka leƙo ta kan katanga, masu wucewa suka tsaya. Aka buɗe bonet huɗu. Sai rigima ta koma kan wane batir ne na wa, domin an juya su har sun rikice. Kowa ya nuna sabon da ke motar Injiniya ya ce ai kamar nasa ne. Mai Kemis har rantsuwa ya fara, matar Ticha ta ce ya ƙarasa rantsuwar tukuna sannan ta nuna masa jan farcenta.

Sista ta ce a hankali, "Baban yara, lokaci."

Da ƙanena mai rabo ne, da ya ba Mai Burodi haƙuri sun wuce. Amma ya ga taro, kuma taro shi ne giyarsa. Ya ɗaga sifana sama.

"Ku saurara! Tunda abin ya zama haka, yau zan yi muku gwajin da ba a yi wa kowa kyauta. A tada motocin nan duka. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya in cire kan batir injin yana aiki. Motar kirki tana da wutar kanta, ba za ta ko girgiza ba. Wadda ta mutu, ita ce mayyar. Kuma mai ita ya fita daga juyi, ya tsaya a nan ya ba jama'a haƙuri. Kun yarda?"

Aka ce an yarda. Yana maganar yana hararar Ticha. Aka tura ta Mai Burodi ta kama, sauran suka tashi da mabuɗi, layi ya cika da hayaƙi.

Ya fara da ta Ticha. Ya naɗe hannun riga, ya kwance kan batir, ya ɗaga shi sama yana jiran shiru. Motar ta ci gaba da kaɗawa abinta. Ya jira. Ya ƙara jira. Ticha ya dubi sama ya share hawaye.

"Wayo take yi," in ji Injiniya. "Za mu dawo kanta."

Ta Mai Burodi ma ko gezau. Da aka zo kan ta Mai Kemis, ya ce shi dai a bar tasa, ya ji an ce irin wannan gwajin yana ƙona kayan wutar motocin zamani. Injiniya ya ce mai gaskiya ba ya tsoron bincike, ya fizge kan batir. Injin bai mutu ba, amma duk fitilun gaban direba suka kama walƙiya lokaci ɗaya, rediyon ya yi wata ƙara ya yi shiru, ƙauri ya tashi. Mai Kemis ya ɗora hannu a ka.

"Rediyona!"

"Dama ya kusa," in ji Injiniya. "Ka gode Allah da ya mutu a hannun masani."

Saura tasa. Ya ce ai tasa ba ta bukatar gwaji, ɓata lokaci ne, ga Sista tana sauri. Mai Burodi ya matso har numfashinsa yana taɓa shi. Injiniya ya sunkuya.

Bai ma gama ɗaga kan batirin ba motar ta ɗauke ɗif.

Ya mayar, ya tada ta, ya sake cirewa. Ɗif.

"To," ya ce, yana share goshi, "wannan shi ke nuna muku mota mai amana. Ta san batirinta, ba ta yarda a raba su. Waɗancan da suka ci gaba da aiki ba su da..."

"Kai ka ce wadda ta mutu ita ce mayyar," in ji Mai Burodi.

"A wasu motocin."

"Kai ka ce mai ita ya ba jama'a haƙuri."

Ticha, wanda bai taɓa leƙa injin kowa ba don kunya, ya matso ya leƙa. Ya koma ya leƙa nasa, ya dawo. "Injiniya, ka yi haƙuri da tambaya. A tawa akwai wani bel da ke juya wannan abin. Naka ga shi tsaye, ba ya juyawa. Ina bel ɗin?"

"Wanne? Mai kukan? Ai tuni na cire shi."

Wallahi da alfahari ya faɗa. Sai da ya ga yadda fuskokin mutane suka canza sannan ya sha jinin jikinsa. Matar Ticha ta fasa ihu, "Wato duk turin da mijina ya sha, wutar gidanku yake ɗebo muku?" Mai Kemis yana maganar kwata da rediyo, Mai Burodi yana neman abin duka, wasu suna dariya har da riƙe ciki. Ni kam dariya ta zo mini ta koma, domin na ga Sista ta ajiye jakarta a kan rufin motar.

Ta zagayo ta tsaya a gabansa, ta buɗe tafin hannunta.

"Haba, Maman yara," ya ce ƙasa-ƙasa. "Mu shiga ciki mu yi magana."

"A nan muka yi da kai."

"Ai motar ba ta mutu da kanta ba, ni na..."

"Na sani. Ba ni mabuɗin motata."

"Motarki?" in ji Mai Burodi. Ya dubi Injiniya, ya dubi Sista. "Au, dama ba tasa ba ce?"

Wannan tambayar ta fi duk zagin da aka yi masa ciwo, na gani a fuskarsa. Ya dube ni, ko zan sa baki a matsayina na babba. Na kawar da kai ina gyara jeren sabulu. Ina son ƙanena, amma ranar ko uwarmu ce ta dawo ba za ta goyi bayansa ba. Ya zare mabuɗin ya sa mata a hannu.

Ticha ya yi gyaran murya. "Sista, sabon batirina ne a ciki, cike yake. Zai kai ki asibiti, ya kai ki gareji bayan kin gama, in ba ki kunna komai ba. Na bar miki shi. Sharaɗina ɗaya ne." Ya nuna Injiniya da baki. "Kada ya shiga."

Mai Burodi ya ƙwace sifanar ya ɗaure kan batirin da kansa, ya janye motarsa daga ƙofa. Sista ta zauna a kujerar direba, ta matso da ita gaba, ta sa farce ta ɓare baƙin salatef ɗin ta yar ta taga.

"Ba za ta iya fita da baya ba," Injiniya ya gaya wa na kusa da shi. "Ƙofar nan sai gwani. Ku matsa, za ta kwashe katanga."

Ta fita da baya sumul, ta juya kan mota a tashi ɗaya, ta haura gangara. Mata suna ta tafi ta kan katanga.

Kowa ya shiga ƙwato nasa. Mai Burodi ya kashe motarsa, ya ciro ƙaton batirinsa daga motar Ticha da igiyar labulen da komai, ya dire masa fankon, wanda bincike ya nuna asalin na Injiniya ne. Ticha ya ɗaura shi, ya murɗa mabuɗi. Ƙyas. Ya fito zai fara ba da haƙurin da ya saba, matarsa ta ce ya koma ya zauna. Duk layi aka harɗe hannu aka zuba wa mutum ɗaya ido.

Injiniya shi kaɗai ya tura. Motar ta yi tari ta ƙi kamawa har ƙasan gangara, sai da ya turo ta sama aka sake. Ba wanda ya taya shi, ba kuma wanda ya tafi.

Da Ticha ya wuce, ƙanena ya dawo shagona yana haki, rigarsa sharkaf, ya zube a benci. Na ba shi ruwa. Ya sha, ya dubi 'yan tsirarun da suka rage, ya ce da ƙarfi, "Kun ga fitar nan da ta yi da baya? Ni na koya mata."

Suka watse ɗaya bayan ɗaya, aka bar mu mu biyu. Ya daɗe yana kallon ƙofar gidansa a buɗe, da ɗigon baƙin mai a inda motar take kwana. Sai ya matso, ya rage murya yadda yake yi tun yana ƙarami in ya yi ɓarna.

"Yaya, in ta huce za ta dawo mini da mabuɗin, ko?"

Na ce, "Ai ba fushi ta yi ba, balle ta huce. Tashi ka je ka buɗe shagon labulenka, rana ta yi."